Kowa ya san abin da ke cikin kofinsa

Idan hutun ƙarshen shekara ya matso, kowa a gidanmu ya san aikinsa tun kafin a faɗa masa. Nawa shi ne abin sha. Tun ina budurwa hannuna ya faɗa a ciki, har ya zama duk wanda ya ji ƙishi sunana yake kira. Danginmu na da yawa, kuma aure da aiki da karatu sun watsa mu wurare daban-daban, sun kuma kawo mana mutane iri-iri. Mafi yawanmu ba ma shan giya, ni ma ina cikinsu. Wasu addini ne ya hana su, wasu likita, wasu kuma ransu ne kawai bai ba su ba. Akwai 'yan ƙalilan da ke sha, kamar mijin ƙanwata, wanda yakan zo da kwalbar giyar inabi domin shi da masu ra'ayi irin nasa. Haka muke haɗuwa wuri ɗaya shekara da shekaru, ba a taɓa tashi baram-baram a kan kofi ba. Na yi imani dalilin shi ne duk wanda na miƙa wa abin sha ya san abin da na miƙa masa, kuma ya ga an wahala a kan nasa kamar yadda aka wahala a kan na kowa.

Batun wahalar nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha zuwa taro inda za a fito da giya mai suna, a goge mata kofunan gilashi masu dogon wuya, a tsaya ana bayanin ƙasar da aka noma inabinta da shekarar da aka tsinke shi, sannan a juyo ga wanda ba ya sha a ce masa akwai lemon kwalba a firij, ya je ya ɗauka. Mutum ba zai yi magana ba, amma ya ji a ransa cewa ba a yi shiri da shi ba. A gidan da marasa sha suka fi yawa, irin namu, wannan ba zai yiwu ba sam.

Shi ya sa na zauna na tambayi mijin ƙanwata abin da yake ji a bakinsa idan ya kurɓi jan giyar nan, ban da buguwa. Ya ce abu uku ne: tsami, da ɗan ɓauri mai kama harshe, da ƙamshi. Zaƙi kuwa kusan babu. Da na duba sai na ga babu ko ɗaya cikin ukun da ke buƙatar barasa, wato sinadarin da ke bugarwa a cikin giya. Tsamin na cikin ɗan itacen tun yana reshe. Ɓaurin daga ɓawo da ƙwallon inabi yake fitowa, sinadarin da ake kira tanin, irin wanda ke cikin ganyen shayi idan ya daɗe a ruwan zafi. Har jan launin ma daga ɓawon yake, domin yawancin baƙin inabi idan ka matse shi a hankali ruwansa fari ne tas, sai an bar shi ya jiƙu da ɓawonsa yake rinewa.

Ga yadda nake yin nawa. Ina samun baƙin inabi kilo 2, in tsinke shi daga reshe ɗaya bayan ɗaya, in fitar da duk wanda ya fashe ko ya yi laushin ruɓa, in wanke sosai. Sai in zuba a tukunya da ruwa kofi biyu kacal, wuta kaɗan-kaɗan. Bayan kamar minti goma za ki ji suna fashewa, fat, fat, ruwan da ke ƙasa ya fara komawa shuɗi-shuɗi kafin ya zama ja mai duhu. A nan nake danna su da bayan ludayi, ba da ƙarfi ba, don kada ƙwallon ya farfashe ya saki ɗaci. In ƙara musu minti goma, in sauke. Tacewar ce ke son haƙuri. Ina shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, in juye, in bar shi ya ɗiga da kansa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin matsewa, amma da zarar an matse ruwan ya gurɓace ke nan, ba zai ƙara yin garau ba. Bayan haka in dafa shayi baƙi mai ƙarfi kofi ɗaya, in bar ganyen minti biyar a ciki, in tace in haɗa. Sai ruwan lemon tsami, da ɓawon lemon zaƙi wanda na fere siriri ban haɗa da farin cikinsa ba, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Sukari ba na sawa ko kaɗan, na inabin ya isa ya yi yawa. Idan ya yi sanyi aka zuba a kofin gilashi, babban mutum zai riƙe shi yana kurɓa a hankali har a gama hira.

Na biyu shi ne na citta, kuma shi yara da tsofaffi suka fi rububi. Ba na haɗa shi gaba ɗaya a babban mazubi. Tushensa nake dafawa mai kauri: ɗanyar citta giram 300 a goge ta, ruwa lita ɗaya, kanumfari 'yan ƙwayoyi, sandar kirfa guda, a bar su kan wuta minti 20. In tace, in raba biyu, rabi in sa masa sukari tun da zafinsa, rabi in bar shi haka saboda Kawu da ke fama da ciwon sukari da sauran masu kaffa-kaffa. Lemon tsami sai ya huce nake matsawa, don zafi na kashe masa ƙamshi. Lokacin sha kowa a zuba masa kaɗan a gindin kofi, a cika da ruwan sanyi ko ruwa mai gas, gwargwadon yadda yake son yajin.

Akwai dalilin da ya sa nake dafa komai, kuma nake ajiye shi da kauri a firij maimakon in tsinka in bari a waje. A nan ne maganar gaskiya ta shigo, kuma ita ce na fi so masu haɗa abin sha a gida su riƙe.

Duk ruwan da ke da sukari, idan aka bar shi a ɗumi, yana kan hanyar zama giya ko an so ko ba a so ba. Babu wanda ya ƙirƙiro wannan, ɗan Adam tarar da shi ya yi. A ƙasar Jojiya an tono tukwanen ƙasa masu alamar giyar inabi da suka kai shekara 8,000, tun mutane ba su san dalilin da ya sa ruwan ke kumfa ba. Sai a ƙarni na 19 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya tabbatar cewa wasu halittu ne masu rai da ido ba ya gani suke wannan aiki. Yis ne, dangin wanda ake sa wa fulawa ta tashi. Yana nan a jikin 'ya'yan itace, a ɓawon citta, a iska, a hannu, a cokalin da ba a wanke da kyau ba. Idan ya sami sukari sai ya cinye shi ya fitar da abu biyu, barasa da iskar gas, kusan rabi da rabi a nauyi.

Lissafin ba shi da wuya. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ruwan nunannen inabi yana ɗauke da sukari wajen giram 200 a lita, shi ya sa giyar inabi takan tsaya a kashi 12 ko kusa da haka. To abin shan gida da aka zuba wa sukari giram 100 a lita, wanda ba wani zaƙi ne na fitar hankali ba, idan aka bar yis ya gama da shi zai iya kaiwa kashi 5 zuwa 6. Ba a dare ɗaya yake kaiwa can ba, amma a ɗaki mai zafi kwana biyu ko uku sun isa ya fara tafiya. Alamominsa a bayyane suke ga mai lura: ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa ba tare da an girgiza ba, murfi ya yi tsit idan an buɗe, gorar roba ta yi tauri kamar za ta fashe, zaƙi ya ragu, wani ɗan wari mai kaifi ya shigo, harshe ya ji tsiko-tsiko. Mutane da yawa a nan suke cewa abin ya yi daɗi, ya tsimu. Gaskiya ne ɗanɗanon ya sauya, amma abin da ya sauya shi ya kamata a sani, musamman idan za a miƙa wa wadda ba ta taɓa kai giya bakinta ba kuma ba ta da niyya.

Iskar ma kanta abin tsoro ce. Sukari cokalin shayi biyu, idan yis ya cinye shi, yana fitar da iskar da ta kai lita biyu. Ki ƙiyasta wannan a cikin kwalbar da aka toshe. Masu yin shamfen, wata giyar inabi mai kumfa, a Faransa da gangan suke barin haka ta faru a cikin kwalba, kuma ƙarfin iskar da ke ciki ya ninka na tayar mota sau biyu da wani abu. Shi ya sa kwalabensu ke da kauri da nauyi, ake kuma ɗaure murfin da waya. Kwalbar gilashi ta gida ba a yi ta don haka ba. Idan ta tashi fashewa ba ta sallama, kuma gidan hutu cike yake da yara masu buɗe kowace ƙofa.

Maganin abin shi ma Pasteur ne ya nuna shi. A shekarun 1860 ya gano cewa idan aka ɗumama giya zuwa digiri 50 zuwa 60 na ɗan lokaci, halittun da ke lalata ta suna mutuwa. A 1869 wani likitan haƙori a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, Thomas Welch, ya ɗauki wannan dabara ya yi amfani da ita a kan ɗanyen ruwan inabi tun bai fara tsimuwa ba. Shi mai ƙin giya ne, yana son cocinsu ya sami ruwan inabin da babu barasa a ciki. Daga nan aka sami ruwan inabin kwalba da ke zama wata da watanni bai juya ba. Labarin mutumin nan yana burge ni, domin damuwarsa irin tawa ce: yana son ya miƙa wa mutane kofi da zuciya ɗaya.

Abin da nake yi ke nan a ƙaramin mataki. In dafa, in zuba a kwalaben da na wanke na ɗauraye da tafasasshen ruwa, su huce, su shiga firij. Sanyin firij, wajen digiri 4, ba ya kashe yis, yana dai sa shi barci, don haka ko a can ba na barin abu ya wuce 'yan kwanaki. Ina manna takarda a jikin kowace kwalba da ranar da na yi ta. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, ko aka manta wata kwalba a waje ta kwana ta wuni, na buɗe na ji ta yi tsit, ba na kai ta gaban kowa. Wata shekara Gwaggo ta gan ni ina tuttular da kusan lita biyu ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai almubazzaranci ne, ƙamshinsa lafiya lau." Na ce, "Gwaggo, ya fara juyawa. Idan na ba ki, ban san abin da na ba ki ba." Ta yi shiru, can ta ce, "To zubar, Allah ya yi miki albarka." Tun daga ranar, idan na miƙa mata kofi ba ta tambaya.

Wuri na biyu da ake yawan ruɗuwa shi ne dafaffiyar giya. A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Suwidin, lokacin hutun hunturu suna ɗumama jan giya da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo su sha da zafinta. Mijin ƙanwata ya so ya yi mana irinta, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Yaya, ai kowa zai iya sha, da ta ji wuta barasar ta gudu." Mutane da yawa haka suka ɗauka, saboda barasa na tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Amma idan sun gauraya ba ta fita ita kaɗai ta bar ruwan, tare suke tashi a hankali. Alƙaluman da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa sun nuna abincin da aka zuba wa giya aka bar shi yana dahuwa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na barasar, bayan awa ɗaya kashi 25, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai saura kamar kashi 5. Ita kuwa waccan ta hunturu ko tafasa ba a bari ta yi, ɗumamawa kawai ake yi, don haka kusan duk ƙarfinta na nan. Na faɗa masa haka, bai yi musu ba, mutum ne mai sauƙin kai. Muka ɗora tukunya biyu, tasa da giyarsa, tawa da ruwan inabina, kayan ƙamshi iri ɗaya. Kowace tukunya da ludayinta, kuma kofunan ma na bambanta su, nasa na gilashi, namu masu hannu. Launin abin da ke cikinsu iri ɗaya ne sak, ido ba zai raba ba, shi ya sa ban yarda a dogara da ido ba.

Haka nake duba kwalaben da aka rubuta wa babu barasa a jiki. A ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta haka ko da akwai har kashi 0.5 cikin 100 a ciki. Ga wani wannan ba komai ba ne, ga wani kuwa babban abu ne, musamman wanda ya sha fama kafin ya rabu da giya, wanda ko ƙamshinta zai iya tayar masa da tsohon ciwo. Ba ni zan yanke wa mutum hukunci ba. Nawa in karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwalba in gaya masa, shi ya zaɓa.

Akwai kuma abin da ba na bari a yi a gabana, wato matsa wa mutum. "Haba, ɗan kaɗan mana, yau ai ranar farin ciki ce." Wanda ya ce a'a ya gama magana, ba sai ya kawo hujja ba. Wataƙila matar ƙaninka na da ƙaramin ciki ba ta so a sani tukuna, kuma babu wani adadin giya da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi. Wataƙila wani yana shan magani irin metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, da likitoci ke hana haɗa shi da giya. Wataƙila alkawari ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Ita ma tsohuwar maganar nan cewa kofi ɗaya na jan giya yana gyara zuciya ba hujjar tura wa kowa ba ce. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadi da za a kira marar haɗari ga lafiya. Masu sha a cikinmu manya ne, sun san wannan, ba na tsayawa yi musu wa'azi a kan abinci, su ma ba sa tallata wa kowa. Wannan kamun kai na ɓangare biyu shi ya riƙe zaman namu.

Yara su ne na fi sa wa ido. Yaro ba ya tambaya, duk kofin da ya gani a ƙasa mai ja a ciki nasa ne. Kuma jikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar barasa yadda na babba ke yi, kaɗan tana iya faɗar masa da sukarin jini har ta kai ga asibiti. Don haka mun yi yarjejeniya da masu sha cewa kofinsu ko dai yana hannu ko yana can sama, kuma wanda ya tashi ya bar saura ni nake ɗaukewa in zubar in wanke nan take. Jarirai kuma ko nawa abin shan ba na bari a ɗanɗana musu idan na sa zuma a ciki, domin ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Sai maganar komawa gida da dare. Kwalbar giyar inabi ta yau da kullum mililita 750 ce, kofi biyar ke nan na mililita 150, kuma kowane kofi na ɗauke da barasa wajen giram 14. Hanta na buƙatar fiye da awa ɗaya kafin ta gama da kofi guda, kuma babu abin da ke hanzarta ta. Shan gahawa mai ƙarfi ko wanke fuska da ruwan sanyi na iya buɗe wa mutum ido, amma jininsa na nan yadda yake. Saboda haka tun da rana ake sanin wanda zai ja mota, kafin a buɗe komai. A wajensu ƙanwata ce ke karɓar makulli, mijinta da kansa yake miƙa mata tun suna shigowa.

Idan taro ya watse akwai sauran aiki. Ruwan inabi da tushen cittar da suka rage ina zuba su a farantin ƙanƙara su daskare, in juye a leda mai zif in rubuta suna. A daskare yis ba ya motsi, kuma bayan wata guda idan baƙo ya zo ƙwaya uku a kofin ruwa sun isa. Masu son tafiya da shi ina ɗura musu a gorar roba, ba ta gilashi ba, in bar sarari a wuya, in ce su sa a firij da isarsu su shanye cikin kwana uku, idan kuma gorar ta yi tauri a hanya su zubar kada su ji nauyina. Giyar da aka buɗe ba a shanye ba, ita ma iska na shiga ta fara mayar da ita ruwan khal cikin 'yan kwanaki, don haka mai ita yake toshewa ya tafi da abarsa a daren, tare da duk kwalbar da ba a kai ga buɗewa ba.